Matar da ta rubuta littattafai don ta riƙe makaranta



Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina riƙe da alƙalamin Maigida, dattijon zangonmu. Na rubuta takardun sulhu tsakanin masu gida da 'yan haya, na rubuta na rabon gado, na rubuta na ta'aziyya zuwa garuruwan da kakanninmu suka baro. Amma akwai takarda ɗaya da ya umarce ni da ita tun kafin azumin bara, na yi ta jan ƙafa a kanta: takardar neman gudummawa don a buɗe ɗaki guda inda za a riƙa tara yaran da ba su isa shiga makarantar allo ko ta boko ba. Duk sanda na ɗauko ta, sai zuciyata ta ce mini, wa zai ba da kuɗinsa don yara su yi wasa?

Ina cikin wannan hali 'yata, wadda take koyarwa, ta kawo mini wani tsohon littafin Turanci. Ta ce, "Baba, ka karanta wannan, sa'annan ka nemi tarihin wadda ta rubuta shi." Turancina na karatun dare ne, don haka na yi wata guda ina binsa a hankali. Sunan marubuciyar Kate Douglas Wiggin, 'yar Amurka.

An haife ta a birnin Filadelfiya a shekarar 1856. Mahaifinta lauya ne, ya rasu tana ƙarama. Mahaifiyarta ta koma jihar Maine da 'ya'yanta, ta sake aure, Kate ta tashi a wani ƙauye mai suna Hollis. Ta ba da labari da kanta cewa a 1868, tana da shekara 11, ta haɗu da shahararren marubucin Ingila Charles Dickens a cikin jirgin ƙasa. Ta je ta zauna kusa da shi, ta shaida masa ta karanta littattafansa, amma takan tsallake wuraren da suka gundure ta. Dattijon bai ji haushi ba, dariya ya yi, ya nemi ta faɗa masa wuraren. Na daɗe ina tunanin wannan zama, domin a wurinmu da wuya yarinya ta faɗa wa babban mutum irin wannan magana a saurare ta har ƙarshe.

A 1873 iyalin suka ƙaura zuwa Kalifoniya. Bayan shekara uku mijin mahaifiyarta ya rasu, ya bar su cikin ƙunci. A nan ne ta koyi wata sabuwar hanyar renon yara a hannun wata Bajamushiya mai suna Emma Marwedel. Asalin hanyar daga Friedrich Froebel ne, mutumin Jamus, wanda a 1840 ya raɗa wa makarantarsa suna Kindergarten, ma'anarsa lambun yara. A ganinsa ƙaramin yaro kamar tsiro yake, malami kuma mai ban ruwa. Wasa da waƙa da gina abubuwa da guntayen katako da naɗe takarda su ne karatun mai shekara uku zuwa shida, domin ta hannunsa da idonsa yake fara fahimtar lissafi da tsari da zama da mutane. Hanyar ba ta sami karɓuwa cikin sauƙi ba, har gwamnatin Prussia ta haramta irin waɗannan makarantu a 1851.

A 1878, tana da shekara 22 ko kusa da haka, Kate ta shugabanci lambun yara na kyauta na farko a birnin San Faransisko, a titin Silver, cikin unguwar talakawa. Yaran da ta tara 'ya'yan 'yan ƙwadago ne da baƙin haure, waɗanda iyayensu ke fita neman abinci su bar su a titi. A 1880 ita da ƙanwarta Nora Archibald Smith suka buɗe makarantar horar da malaman irin wannan aiki, domin sun gane ɗaki ɗaya ba zai wadatar da birni ba sai an sami masu buɗe wasu ɗakunan.

A 1881 ta auri wani lauya, Samuel Bradley Wiggin. Bisa al'adar lokacin, matar aure ba ta ci gaba da koyarwa, sai ta bar aji. Amma makarantar na bukatar kuɗi. Sai ta rubuta ɗan gajeren labari, The Story of Patsy, a kan wani yaro mai naƙasa daga unguwar talakawa da ya sami shiga lambun yara. Aka buga, aka sayar, kuɗin ya tafi makarantar. Bayan 'yan shekaru ta sake yin haka da The Birds' Christmas Carol, labarin wata yarinya marar lafiya 'yar masu hali, wadda burinta shi ne ta shirya wa 'ya'yan maƙwabtansu matalauta liyafa. Daga baya kamfanin Houghton Mifflin ya karɓi littattafan biyu ya buga, suka bazu ƙasar. Wannan gaɓa ce ta fi tsaya mini a rai: ba neman suna ya sa ta fara fitar da littafi ba, bukatar yaran titin Silver ce ta miƙa mata alƙalami.

Mijinta ya rasu a 1889, ta sake aure a 1895. A 1903 ta fitar da littafin da duniya ta fi saninta da shi, wanda 'yata ta kawo mini: Rebecca of Sunnybrook Farm. Labarin wata yarinya ce, Rebecca, ɗaya daga cikin 'ya'ya bakwai na wata gwauruwa da bashi ya danne gonarta. Aka tura ta riƙo wurin 'yan'uwan mahaifiyarta biyu, Miranda mai tsanani da Jane mai taushin zuciya. Yayarta mai natsuwa suka nema, aka aiko musu da mai surutu, mai yawan tambaya, mai rubuta waƙoƙi. Duk Bahaushen da ya san riƙo zai gane gidan nan. Ni ma ɗan riƙo ne a hannun gwaggona, na san yadda yaro ke auna fuskar mai gida kafin ya buɗe baki. Marubuciyar ba ta mai da Miranda muguwa ba. Ta nuna mace mai riƙon amana wadda ba ta iya nuna ƙauna ba, har a ƙarshe ta bar wa yarinyar gidanta. Ba ta kuma karya Rebecca don ta dace da gidan ba. Ina ganin wanda ya yi shekaru yana durƙusawa daidai tsayin yara ne kaɗai zai iya rubuta yaro haka.

Ta rasu a Harrow, ƙasar Ingila, a 1923. Ba ta haifi ɗa ko ɗaya ba. An mai da labarin Rebecca fim fiye da sau ɗaya, har da wanda Shirley Temple ta fito a ciki a 1938. Masu kallo da yawa ba su taɓa jin labarin ɗakin titin Silver ba.

Ba ina cewa mu kwafo Amurka ta wancan zamani ba ne. Ni almajiri ne, allo ya raine ni, kuma ba ni da abin da zan biya malamaina da shi. Amma kafin a rubuta mini harafin farko, ina da kaka mai tatsuniya, da tsakar gida mai faɗi, da 'yan'uwa masu wasan langa da 'yar tsana. Lambun yaranmu ke nan, ko da ba mu ba shi suna ba. Yau a zango iyali guda na cikin ɗaki ɗaya na haya, uwa na kasuwa tun asuba, kaka na wani gari. Ɗan shekara uku yana bakin kwata, ko an miƙa masa waya don ya yi shiru. Mu kuma da muke tsiraru a ƙasar nan, idan yaro bai ji tatsuniya da Hausa a waɗannan shekaru ba, da wuya ya ji ta daga baya. Muna yawan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mukan manta ɗanyen icce ruwa yake fara bukata.

Makon jiya na koma wurin Maigida na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in canza fasalin takardar nan." Ya ce, "Malam, alƙalami a hannunka yake." Na ajiye jerin alƙaluman kuɗi a shafi na biyu. A shafi na farko na rubuta yinin yaro guda na layinmu, ba tare da sunansa ba, tun daga fitar uwarsa da asuba har dawowarta da magariba: inda ya zauna, abin da ya ci, da wanda ya yi masa magana. Za a karanta ta bayan sallar Juma'a mai zuwa. Wanda bai da kuɗi amma yana da tabarma, ko tatsuniya, ko awa biyu na safiya, shi ma muna jiransa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu. Wassalam.