Daga Komadugu zuwa bakin teku: abin da muka gano a Wida



Mu mutanen Difa ruwa ba baƙonmu ba ne. Komadugu na kwance kudu da gari, shi ne iyakarmu da Najeriya, shi ke shayar da tattasai da shinkafarmu. Amma tun harin Fabrairun 2015 da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya, bakin kogi ya zama wurin da uwa ke hana ɗanta zuwa. Yaranmu sun tashi ba su jin sunan ruwa sai tare da gargaɗi. Shi ya sa da aka yi rabon asusu a 2022, a gidanmu muka ware wani kaso, muka ce hutun lakwal na bana sai sun tsaya bakin ruwa hankali kwance.

Babbar ɗiyarmu ta so Bali, wani tsibiri na Indunusiya. A waya ta ga Tanah Lot, ɗakin ibadar ƴan Hindu da ke bisa dutse cikin teku, inda iyalai ke zuwa hutu. Bali kam ta fi ƙarfin asusunmu. Amma muna da ƙane a Zongon Kotonu, kuma daga can zuwa Wida kamar kilomita 40 ne. Ita ma tana bakin teku, ita ma tana da nata gidan bautar da duniya ke zuwa gani.

Hanya doguwa ce: Maine-Sorowa, Gure, Damagaram, Maraɗi, Ƙonni, Doso, Gaya, muka haye gada zuwa Malanbil, sannan Paraku har Kotonu. Kilishi, ƙuli-ƙuli da garin fura suka rage mana kashe kuɗi a tasha.

A Wida muka fara da gidan macizai. Masu addinin Bodun ne ke da shi, suna girmama wata ƙaramar mesa marar dafi da suke kira Dangbe. Ba su kashe ta. In ta shiga gidan mutum, ɗaukarta ake a maido. Ƙofar gidan na kallon babbar majami'ar Katolika, titi kawai ya raba su, a garin kuma akwai masallatai. Tun kafin mu shiga maigida ya ja kunnen yara: "Kallo muka zo, ba ibada ba. Ban da dariya, ban da nuni da yatsa, ban da hoto sai an ba da izini." Autanmu ya tambaya: "Inna, ba mu yi laifi ba da muka shigo?" Muka ce masa imaninmu na zuciyarmu, ba mu rusuna wa komai ba, kuma baƙo ba ya raina abin da ya tarar a gidan mutane. Da azahar ta yi muka nemi masallaci muka yi sallarmu.

Daga tsakiyar gari zuwa teku kamar kilomita 4 ne, hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa. Mai yi mana jagora ya nuna inda wani icce yake a da, wanda ake sa maza su kewaya sau 9, mata sau 7, wai don su manta gida. A ƙarshen hanya akwai babbar ƙofa da aka gina a 1995, suna kiranta ƙofar da ba a komowa. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa har da Hausawa da Barebari, aka kai su Bahiya a ƙasar Barazil, inda bayi Musulmi suka yi bore cikin azumin 1835. Mu da muka ga maƙwabtanmu na bakin Komadugu da tsibiran tafkin Cadi sun bar gidajensu ba shiri, wannan labari bai yi mana kama da tatsuniya ba. Muka tsaya muka yi musu addu'a.

Bayan ƙofar sai teku. Ba tsallake, ba wani gari da ake hange. Igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi, ba a wanka, don haka ƙafa kawai yara suka tsoma, hannunsu cikin namu. Suka ɗanɗana gishirinsa suka yi tsaki, suka tsinci kwanson katantanwa, suka taya masunta jan taru. Ba wanda ya ce musu su yi sauri su bar wurin kafin magariba.

Ƴan'uwa, mun san kuɗin asusu na jari ne, na magani, na kayan ɗakin ɗiya. Ba mu ce a taɓa waɗannan ba. Amma buɗe idon yaro shi ma jari ne. A 2023 an rufe iyakarmu da Benin, to ba sai an kai teku ba: fadar Sarkin Damagaram da tsohuwar unguwar Birni suna nan kusa, da yawa cikin yaranmu ba su taɓa gani ba. In rabo ya zo, a ware ko kaɗan ne, a tafi da guzuri da katin ɗan ƙasa, a koya musu ladabin shiga wurin da ba nasu ba.

Allah ya maido mana da lafiyar Komadugu, ya sa albarka a asusunmu. Amin.