Wa ke biyan binciken ɗan lisansi?

Kowa cikinmu ya san irin saƙon nan da ke yawo a WhatsApp: bursi cikakka, kuɗin jirgi, masauki, har da na aljihu. A turo shi yau, gobe wani ya sake turowa da "Allah ya ba mai rabo". Na jima ina bin waɗannan sanarwoyi har ƙasa, inda ake jera sharuɗɗa da ƙananan haruffa, kuma kusan kullum a nan nake gane ba da mu ake ba.

Ga misali. A Amurka akwai tsarin da ake kira REU, wanda hukumar kimiyyarsu, NSF, ke biya. Ɗalibin da bai kammala digirin farko ba ya yi kamar mako goma cikin hutu tare da masu bincike, a ba shi masauki da kuɗi. Abin sha'awa, amma na ƴan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Jamusawa ma suna da irinsa, RISE na hukumar DAAD, sai dai ɗaliban jami'o'in Amurka da Kanada da Birtaniya da Ayilan yake ɗauka. Bursin da DAAD ke ba ƴan Afirka yawanci daga mastar yake farawa. Faransa kuwa, da yayyenmu suka saba dubawa, tun bayan watan Yulin 2023 hanyarta ta toshe, ofishin jakadancinta a Yamai ma an rufe shi farkon 2024. To, gaskiyar ke nan: kuɗin bincike ba ya sauka a lisansi. Cikin shekaru ukun farko na tsarin LMD, bursin gwamnati, ga wanda ya samu, na ciki ne da fotokopi.

Amma fa kar wannan ya sa mu ce ba ma bincike. Muna yi, sai dai da wani suna: anketi. Wace ƙungiyar agaji ce za ta shiga ƙauyukan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ba ta ɗebi ɗalibai ba? Mu ne ƙafafunta, mu ne bakinta.

Hutun da ya wuce na yi kwana goma sha biyu a irin wannan aiki, cikin ƙauyukan Gobir, bayan na sha fama kafin Baba ya yarda ɗiya mace ta kwana waje. Sai da kawuna ya sa baki. An ba mu tabilet da tambayoyi cikin Faransanci, aka ce mu riƙa juya su zuwa Hausa nan take a gaban mutane. Ranar horo, mu ashirin da wani abu muka kwashe rabin yini kan kalma guda, "ménage". Wani ya ce gida. Wata ta ce ai gida ɗaya na iya ɗauke da magidanta huɗu, uba da ƴaƴansa masu aure. Aka ce iyali, aka ce a'a, iyali a bakin wasu mata kawai ake nufi. Daga ƙarshe aka tsaya kan "masu cin tukunya ɗaya", sai wani ɗan Dakwaro ya tambaya: to gidan da kishiyoyi ke girki kowa da kwananta, kuma da rani kowa ta koma cin gamanarta, tukunya nawa ke nan? Mai horon ta duba agogo ta ce mu wuce gaba. Muka fita daji kowa da tasa fassarar. Ni ɗalibar kimiyyar harshe ce, na san abin da wannan ke nufi: duk alƙaluman da za su fito cikin rahoton nan a kan wannan kalmar suke zaune, kuma mu muka yanke hukuncinta, tsaye a ƙofar zaure, rana na dukanmu.

Bayan mun dawo aka ba mu hirarrakin da aka ɗauka da rikoda mu rubuta. Wanda bai taɓa yi ba bai san wahalarsa ba: hirar awa guda takan ci mini yini guda, wani lokaci har da dare. Akwai wata tsohuwa da na yi ta maimaita muryarta, ba don aikin ba. Tana ba da labarin wata shekarar yunwa, tana cewa "sunka tashi", "yaz zo", "tac ce", Gobirci tsantsa, da sunayen ciyayin da aka ci waɗanda ban taɓa ji ba ko a bakin kakata. Da na ce mata, "Inna, sake faɗa mini wannan," sai ta yi dariya ta ce, "Ke ɗiyag ga, boko bai koya muku komi ba?" Masu aikin Faransancin kawai suke so. Hausar tata ba ta da gurbi a takardarsu.

An biya mu, kuma ba zan raina kuɗin ba, da su na sayi kwamfutar hannu ta biyu da nake rubuta wannan da ita. Sai dai ranar ƙarshe aka karɓe tabilet, aka karɓe sautukan, shi ke nan. Da rahoton ya fito, an gode wa "tawagar masu anketi" cikin layi guda, babu sunan kowa. Yau idan zan haɗa dosiyen neman mastar, ba ni da takarda ko ɗaya da za ta nuna na taɓa rubuta hira da hannuna.

A ganina nan ne muke yin asara, ba wajen perdiyam ba. Muna iya cacar baki kan jikka biyu na abinci, amma ba ma tambayar abin da zai yi mana amfani bayan shekara uku. Takardar shaida mai tambari, wadda ta faɗi ainihin abin da ka yi: ka fassara tambayoyi, ka ɗauki hira kaza, ka rubuta awa kaza. Sunanka a cikin rahoto, ko da a shafin baya ne. Waɗannan ba sa cin kuɗin kowa, kuma tun ranar sa hannu ake neman su, lokacin da ake bukatarka. Maganar sautuka ta fi wuya, don ba na ƙungiyar ba ne ita kaɗai, ba kuma naka ba ne. Tsohuwar nan ta yarda a ɗauki muryarta don wani aiki, ba don memuwar ɗina ba. In ina so, sai in koma da ƙafata in roƙe ta.

Akwai kuma ƙofofin da ba sa aiko sanarwa a waya, kuma suna nan cikin Yamai. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, dubban takardu, waɗanda Bubu Hama ya aza harsashin tara su. CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, tana nan tun 1968, yanzu ƙarƙashin Tarayyar Afirka, da muryoyin maroƙa da masana tarihi da aka ɗauka tun kafin a haife mu. Ga LASDEL, da aka kafa a 2001, inda masu nazarin al'umma ke aikin da ya dogara kacokan kan doguwar hira. Duk inda ake da sauti ko tsohon rubutu, ana bukatar mai kunne da haƙuri. Sitaj a ƙasar nan roƙonsa ake yi: ka rubuta takarda, ka sami malamin da ya san ƙwazonka ya sa maka baki, ka yi ta zarya. Wani malaminmu ya taɓa ce mini, "Ɗiyata, kar ki je kina neman sitaj, je ki ce kin iya ELAN." Ya yi gaskiya. ELAN da Praat da FLEx duk kyauta ake sauke su, kuma mai bincike da ke da awa hamsin na sauti jibge ba zai kori wanda ya iya su ba.

Sai dai in faɗi abin da ke ci mini rai. Sitaj ɗin da ba a biya, na mai gida a Yamai ne. Ɗalibin jami'ar Damagaram ko Tawa ko Maraɗi, wanda kuɗin mota kaɗai zai cinye masa bursin wata, kuma ana jiransa gona da damina, yaya zai yi wata biyu a babban birni kyauta? Don haka ba na ganin laifin wanda ya zaɓi anketi. Ciki ba a ba shi haƙuri.

Ga mu ƴan harshe, akwai kuɗi na gaske a waje guda biyu. Na farko, harsunan da ke fuskantar ɓacewa. Shirin ELDP, wanda ya faro a Landan a 2002 ya koma Balin a 2021, yana ba da ƙaramin tallafi har yuro 10,000, wato sama da sefa miliyan shida da rabi. Hausa ba ta shiga ciki, Allah ya rufa mata asiri. Amma Tasawak ta Ingal fa? Buduma ta bakin tafkin Cadi fa? Dukansu suna cikin harsunan ƙasa goma da dokar 2001 ta lissafa, kuma abin da aka rubuta a kansu bai taka kara ya karya ba. Har yau duk mai nazarin Tasawak sai ya koma ga memuwar ɗin da Usaina Alidu ta rubuta a jami'ar nan ta Yamai a 1988, tana ɗaliba. Yanzu farfesa ce a jami'ar Rutgers a Amurka. Irin wannan tallafi ba a ba mutum shi don ya iya tsara buri. Sai an ga abin da ya riga ya yi da kuma cibiyar da ta tsaya masa.

Na biyu, fasahar harshe. Tun da kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, maganar fassara da ƙamus da manhajar da ke jin magana ta tashi. Masakhane ƙungiya ce ta ƴan Afirka masu aikin harsunanmu a kwamfuta, ba ta tambayar digiri kafin a shiga, kuma abin da ya burge ni shi ne yadda takardunta na bincike ke fitowa da jerin sunaye masu yawa, har da na waɗanda suka tara bayanai. Ba albashi ba ne, data ma kai za ka saya. Amma yawancin Hausar da aka ciyar da na'urorin nan ta labaran rediyo da jaridu ce, mai bin daidaitacciyar Hausar Kano. Ku gwada faɗa wa ɗaya daga cikinsu "munka ishe shi shina kwana" ku gani. Gobirci da Adaranci da Arewanci da Damagaranci suna bakinmu da bakin iyayenmu, wanda ke Kano ko Nairobi ba zai iya tara su ba.

Mu biyar a ajinmu mun fara adashi, jikka biyu kowane wata, don sayen rikoda guda mai kyau da za mu riƙa karɓa-karɓa, tunda makirfon waya iska na lalata masa sauti. Kafin ta samu, da wayar nake aiki: jerin kalmomi 200 na Swadesh a ƙauyuka uku, da sunayen ciyayin nan na shekarar yunwa, na tara talatin da ɗaya zuwa yanzu. Kuɗin da ke fita na kabu-kabu ne da goro da sukarin da ake riƙe wa tsofaffi. Mun shirya wanda zai fara tafiya da rikodar shi ne wani ɗan ajinmu da mahaifiyarsa ƴar Ingal ce, idan an tashi hutu, kafin taron gishiri ya cika garin da baƙi.