Hunturu, keke da ƙurar Dallol Mawri

Wasu damina suke jira, wasu kaka. Mu mahaya keke a Karakara hunturu muke jira. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu ne ƙasar nan take buɗe mana hanyoyinta. An girbe gero da dawa, an roro wake, laka ta bushe, ƙoramun da suka datse hanya a watan Agusta sun koma yashi, rana kuma ba ta fara gasa ƙeya irin ta Afrilu ba. Sai mutum ya yi ta tuƙi tun bayan asuba har hantsi ya dubi ludayi bai jiƙa riga da gumi ba.

Wanda bai san yankinmu ba yakan ce ai ba mu da duwatsu, ina za a yi hawa da gangara? To, ya zo ya gani. Karakara tana cikin Dallol Mawri, tsohon kwarin da ya gangaro daga arewa, ya ratsa Dogondutsi, ya nufi kogin Kwara ta wajen Gaya. Cikin kwarin yashi ne da fadama, gefensa kuwa tudun marmara mai jar tsakuwa, wanda ruwan damina ya zaizaye ya bar masa ramuka. A fita guda sai ka ɗanɗani ƙasa iri uku: yashin da ke riƙe taya har cinya ta yi zafi, turbar lambu mai santsi tsakanin rake da rogo da albasa, sannan hawan tudu inda kowa yake shiru, ba ka jin komai sai numfashi da kukan sarƙa. In ka kai sama ka waiwaya, ga giginyu a tsaye cikin hazo, ga hayaƙin murhu yana tashi daga ƙauyuka, ga garken Fulani sun bazu cikin gonaki suna cin kara. Wannan kallo, mai babur ba ya samunsa, don shi wucewa yake yi.

Iska ma tana da nata hukunci. Ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙurar da ta kwaso tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Wanda ya nufi Zabori ko Junju da safe zai ji keke yana gudu kamar ana tura shi, ya yi ta dariya. Dawowa ce za ta gaya masa gaskiya. Shi ya sa masu wayo suke fuskantar iska tun da sauran ƙarfi a ƙafa, su bar ta ta rako su gida.

Amma daɗin safiyar nan tun jiya da yamma ake sayensa. Ƙurar hunturu laushi ne da ita, ba inda ba ta shiga. Yawancinmu mun tashi mun ga ana ɗurawa sarƙa baƙin mai da aka juye daga inji, ana ganin an yi mata gata. Alhali baƙin mai kama ƙura yake yi, in suka gauraya sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin sarƙa da haƙoran giya a hankali har ranar da feda za ta fara zamewa a tsakiyar hawa. Abin da ya fi: a wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, a goge ta da tsumma ta bushe, a ɗiga mai marar kauri, irin na keken ɗinki, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a sake gogewa. Man da ya shiga ciki shi ke aiki, wanda ya tsaya a waje gayyatar ƙura ce kawai.

Sai taya. Bayan girbi hanya cike take da ƙayar aduwa da ta magarya da ta gawo, ga tsidau da ke kwance a ƙasa yana jiran rabonsa. Duk wanda zai yi faci, ya shafa cikin tayar da yatsa a hankali kafin ya mayar da tub, domin sau da yawa ƙayar tana nan a maƙale, in ba a cire ta ba za ta sake hudawa kafin a bar inuwar da aka tsaya. A kankare wurin hujin, a shafa sholisho, a jira ya sha iska kafin a manna. Gaggawa a nan ita ke jawo faci a kan faci. Iskar taya kuma da lissafi: a cikin yashi, rage ta kaɗan yana sa taya ta baje ta daina nutsewa; a kan marmara kuwa, in ta yi laushi da yawa, dutse zai matse tub da ƙarfen ƙafa ya bar maka huji biyu a jere. A duba robar birki, don tsakuwa tana maƙalewa a ciki ta riƙa goge ƙarfe. A taɓa wayoyin ƙafa a ji ko wata ta saki. Boris kuma a buɗe a sa masa giris tun farkon sanyi, kada a bari sai ya fara ƙara.

Wannan wahala ba tamu ce mu kaɗai ba, da ita aka haifi wasan tseren keke a kan tsaunuka. A shekarun 1970, a Kalifoniya ta Amurka, wasu samari irin su Joe Breeze da Gary Fisher suka riƙa kwaso tsofaffin kekuna masu faɗin taya suna gangarowa da su daga tsaunuka. A tseren da suka fara a 1976, birki yakan yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone, dole a kwance a sake cikawa bayan gangara. Shekara 20 bayan nan, a 1996, wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Da tsohon ƙarfe da hannu mai dauɗa aka fara. Kada wanda ke da keken Phoenix ko Raleigh na gado ya ji kunyar jerawa da mai keken giya.

Ni a ganina, a wurin gyara ne zumunci yake ƙulluwa fiye da kan hanya. Wani ne mai famfo, wani mai sifana, wani ba shi da komai sai kunnen da ke gane inda ƙara take fitowa. Ana gyara ana zolaya, shayi yana kan gawayi, yara sun zagaye suna miƙo noti suna koyo ba tare da an ce ana koya musu ba. A hanya kuma akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba: in tayar ɗaya ta sace, ta kowa ce ta sace. Mafi rauni shi ne ma'aunin tafiya. In an shiga gari a sauka a gaida dattawa, a ba shanu da amalanke hanya, a tambayi mutanen wuri lafiyar turbar da ke gaba, domin kowa ya san halin tsaron da ake ciki a bakin iyaka. A dawo gida da sauran rana. Ladan tafiya kuwa sananne ne: sandar rake a bakin lambu, muruci mai ɗumi, ko fura da nono a ƙarƙashin gawo, itacen da ke da ganye a lokacin da saura suka kaɗe nasu.

Akwai kuma maganar aljihu. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar da muka saba saye da araha a bakin hanya ta yi tsada. A shekarar 2023 ɗin dai aka rufe gadar Gaya da Malanbil, kayan da ke zuwa daga Kotonu suka koma ƙetarewa ta kwalekwale, kuɗinsu ya ƙaru. Sabuwar sarƙa ko taya yanzu ba abin wasa ba ne. Wanda ya iya riƙon na hannunsa ya rage wa kansa asara, kuma keken da ya yi yawon nishaɗi ranar hutu shi ne zai kai yaro makaranta, ya kai buhu kasuwa.

Saboda haka ga roƙona. A gidaje da yawa akwai keke a jingine bayan rumbu, taya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa, an ce ya mutu. Mafi yawansu ba su mutu ba, kulawa suka rasa. Ku fito da shi, ku kai wa mai faci ya duba, ku saya masa tub da boris. Sanyin nan ba ya daɗewa, Maris na shigowa zafi zai kore mu daga tudu. Wanda ya shirya ya shafa man kaɗe a leɓe, ya naɗa rawani, ya cika gorar ruwa, ya same mu bayan sallar asuba. Mai famfo kada ya manta da shi. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.