Macijin da Ya Ari Rigar Kububuwa

Ƙarshen damina ne muka tashi daga Yelwa a cikin kwalekwale mai inji, muka bi gefen tafkin Kainji muka nufi wajen Ngaski. Matuƙin ya riƙa nuna mana ruwa yana cewa, nan gari ne a dā, nan gona ce. Gama tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka da yawa, mutane suka koma tudu, inda akwai sabara da ƙirya da duwatsu. Wurin macizai ke nan.

Muka sauka a gidan wani dattijo manomi. Da almuru sai muka ji yara suna ihu a bayan rumbu, "Kububuwa! Kububuwa!" Muka fito da fitila. Ga maciji bai kai kamu biyu ba, ruwan ƙasa da zane-zane, ya naɗe jiki yana goga shi, yana ƙara sai ka ce an zuba ruwa a kaskon suya. Babban yaron ya ɗaga sanda, maigida ya riƙe hannunsa.

Muka ce, "Baba, ba za a kashe shi ba?"

Ya ce, "Ku dubi abin da ya amayar."

Ashe ɓawon ƙwai ne, an lanƙwashe shi kamar ɗan kwalekwale. Wannan shi ne maciji mai shan ƙwai, wanda masana ke kira Dasypeltis. Ba shi da dafi, haƙoransa ma ba a bakin komai suke ba. Ƙwan tsuntsu kaɗai ne abincinsa. Da dare yakan hau itace ya shiga sheƙa, ya haɗiye ƙwan da ya fi kansa girma nesa. A cikin maƙogwaronsa akwai ƙananan tsinaye da suka fito daga ƙashin bayansa. Su ke fasa ƙwan, ya shanye ruwan, sa'an nan ya tofar da ɓawon. Idan lokacin ƙwai ya wuce, yana iya yin watanni bai ci komai ba. Har yanzu ana kan koyon labarinsa. Sai a 2006 ne masana suka raɗa wa iri uku na Afirka ta Yamma suna.

Tun da ba shi da makami, sai ya ari rigar kububuwa da muryarta, domin maƙiyi ya ji tsoro. Abin tausayi, rigar aron nan ce ke jawo masa sanda.

Amma fa, mai karatu, a nan ne hatsarin yake. Maigidan ya shekara fiye da sittin a dajin nan, duk da haka bai matsa kusa ba. Ya ce wani ƙanensa ya taɓa raina sara a lokacin girbin gero, don ya ga ya kwana lafiya. Kwana biyu sai jini ya fara fita daga dasashinsa, bai kai mako ba ya rasu. Haka dafin kububuwa yake, yana hana jini daskarewa, ya ci mutum a ɓoye.

Don haka kada kowa ya sunkuya da dare wai yana duba kan maciji. A ja da baya, a ba shi hanya. In an sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau. A kwantar da shi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan, inda ake yin allurar kashe dafi. Mai girbi ya sa takalmi, mai fita da dare ya riƙe fitila.

Da safe muka duba bayan rumbu, baƙon ya tafi. Ƙaramin yaron ya tsince ɓawon ƙwan ya sa a aljihu, ya ce zai kai wa malaminsu.