Kuregen Gefen Gona

Daga Tsafe zuwa Gusau, har gindin Dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu, da wuya manomin gyaɗa ya ambaci kurege da alheri. Ban ga laifinsa ba. Mutum ya yi shuka, kurege ya bi sahu yana tonewa.

Amma ni ina son in tsaya in kalle shi. Da hantsi yake fitowa, ba kamar gafiya mai yawon dare ba. Sai ya miƙe kan ƙafafun baya, farin zanen haƙarƙarinsa a fili, yana duban ko akwai shaho. Ya riƙe ƙwaya da hannu biyu yana gaigaya da haƙoran gaba, waɗanda ba sa daina tsiro har ya mutu. Abin da ya rage ya binne nesa da raminsa, saboda rani.

Ramin kuwa a tsohon suri yake, ko gindin kalgo, ko tsakanin duwatsu. Nan macen ke haihuwa. Abin da ke damuna shi ne wutar dajin da 'yan farauta ke cinnawa da kaka, wadda ke cinye ciyawar da yake fakewa a ciki, da irin da yake ci.