Motar da Ba Ta Ƙara, da Masu Gyaranta

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, mutanen Agege suka fara kallon motata da wani ido daban. A da ba wanda ya damu da ita sai yara masu leƙen gilashi. Amma da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta je ta haura 1,000, sai ya zama da wuya in yi mako ba a tare ni ba, ko a ƙofar masallaci ko a Abbatuwa: "Alhaji, wai da gaske ne ba ta shan mai?" Tambaya ce da ba ta amsuwa a tsaye, domin wanda ya yi ta yawanci yana da kuɗi a hannu, yana shirin zuwa Berger ya zaɓo irinta. To ga amsar a zaune.

Motar Lexus RX 450h ce, ƙirar 2011, tokumbo daga Amurka. Irin da ake kira haibirid, wato inji da lantarki a jiki ɗaya. A gaba akwai injin fetur mai silinda 6, sannan ga motocin lantarki da ke taimaka masa, ga kuma wani ƙaton batir shimfiɗe a ƙarƙashin kujerar baya. Ba a jona ta da wutar NEPA, wannan shi ne abin da mutane suka fi kasa yarda da shi. Ita ke cajin kanta, daga injin da kuma daga birki: duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki a hankali, gudun da motar ke zubarwa sai ya koma wuta ya shiga batir. Fasahar ba sabuwa ba ce. Toyota ta fito da Prius tun 1997, Lexus kuma ta sa ta a RX tun 2005. Mu ne dai ba mu waiwaye ta ba sai da mai ya yi tsada.

Tana shan mai, mana. Amma inda take nuna kanta shi ne inda sauran motoci ke kuka, wato gosulo. Wanda ya san hanyar Agege zuwa Ailan da safe, ta Ikeja Along, Oshodi, Gbagada, har ka hau Third Mainland, ya san rabin man da kake saye a tsaye kake ƙona shi. Ita kuwa da ka tsaya sai injin ya mutu da kansa. Ba ƙara, ba girgiza, sitiyari shiru kamar an kashe mota, amma esi na ci gaba da busowa domin shi ma da lantarki yake aiki. Layi ya matsa, ka saki birki, ta sulale da batir kawai. Idan batirin ya yi ƙasa sai injin ya tashi ya ɗan cika shi, ya sake kwanciya. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, wannan ƙirar tana yin kusan kilomita 13 da lita ɗaya a cikin gari, 'yar uwarta RX 350 mai fetur zalla kuwa ba ta kai 8 ba. Ni ban taɓa samun 13 ɗin nan a Ikko ba, da zafinmu da ramukanmu da esi a kunne tun safe. Sai dai man lita 65 da maƙwabcina mai RX 350 ke shanyewa kafin Juma'a, ni yakan kai ni tsakiyar mako na gaba, kuma hanyarmu kusan ɗaya ce.

A babban titi labarin ya ɗan sauya. Daga Kara zuwa Ibadan injin ba ya hutawa, saboda haka ratar da ke tsakaninta da mai fetur zalla takan ragu ƙwarai. Wanda aikinsa zirga-zirgar Legas zuwa Kano ne, kada ya saye ta don tsimin mai, ba zai ga abin da ake ba shi labari ba. Abin da zai gani shi ne ƙarfi. Inji da lantarki idan suka haɗu suna ba da ƙarfin doki 295, kuma lantarkin ba ya jira. Ka zo bayan tirela a wajen Ogere, ka leƙa ka ga hanya, ka taka, kafin ka gama bismilla ka wuce. Ba ka jin canjin giya ko ɗaya, gudun tafe yake sumul kamar an zuba ruwa a faranti. Akwai masu ƙin wannan, suna cewa injin na yin wani dogon gurnani iri ɗaya idan an matsa masa, ba ya hawa yana sauka yadda kunne ya saba. Gaskiyarsu ce. Ni dai na saba. Nauyi kuwa tana da shi, ta haura tan 2, kuma a kwana mai kaifi za ta tuna maka.

Shirun nata ma yana da nasa haɗarin. A cikin kasuwa, inda mai baro da mai talla da akuya duk da kunne suke kauce wa mota, wannan ba wanda ke jin zuwanta. Hon ɗina ya fi na ɗan danfo aiki.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da masu tambayata ba sa tambaya, kuma shi ya kamata su fara da shi, shi ne wa zai gyara maka ita.

Ina da makanike da muka yi shekara kusan 20 tare, Bayarabe ne haifaffen Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu na nan. Tun ina da Peugeot yake duba mini mota. Irin mutumin nan ne da zai kasa kunne ga inji ya ce maka fulogi na uku ne, kuma shi ne. Ba ya rubuta mini rasit, ni ma ban taɓa ƙirga canjinsa ba. Ranar da na kai masa wannan, ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo. Ya nemi sitata bai gani ba. Ya nemi abin cajin batir da ya sani, babu. Sai wasu wayoyi masu kauri, ruwan lemo, sun ratsa ta gefe. Ya mayar da bonet a hankali ya ce, "Alhaji, wannan ai taransifoma ka sayo. Ƙafarta da baƙin manta nawa ne. Wayoyin nan kuwa, ina da 'ya'ya."

Na ƙara ganin girmansa da wannan magana. Babban batirin nan ƙarfinsa bolt 288 ne, alhali wutar gidanka 230 ce, kuma inbatar motar na ɗaga shi har 650. Masu aikin da suka koya sai sun sa safar hannu ta roba ta musamman, sun zare wani makullin kariya, sun jira mintuna kafin su taɓa komai. Makaniken da ya ce maka "ba komai, duk mota mota ce" shi ne abin gudu. Wani abokin kasuwancina a Mile 12 ya kai irin tawa wurin mai gyaran esi na bakin titi, aka ɗura mata gas da man kwamfiresa na motocin da aka saba. Ita kuwa kwamfiresarta motar lantarki ce a ciki, tana da nata mai da ba ya ɗaukar wuta, ND-11 ake ce masa. Ba a jima ba motar ta fara ƙin tashi, kwamfutarta na cewa wuta na zurarewa. Gyaran da ya so ya yi da 'yan dubbai sai da ya ci masa kwamfiresa da wanke bututu gaba ɗaya.

Haka na fara zuwa babban wurin sabis na dillalan mota. Ba zan faɗi suna ba. Zuwana na farko da kaftani da hula na je, ni ke tuƙi. Mai gadi ya leƙo ya ce, "Aboki, ina ogan naka?" Na ce masa ogan yana sama, shi ya ba ni aron motar da ran gaba ɗaya. Bai gane ba, ya dai buɗe ƙofa. Duk Bahaushen da ke zaune a Kurmi ya san wannan kallon, ba sai na tsaya a kansa ba. Da aka ga sunana a takardun mota sai murya ta sauya, aka koma "Alhaji sir", aka kawo shayi.

Tsarinsu daban ne da wanda muka sani. Sai ka yi waya an ba ka rana. Idan ka zo, wata yarinya mai kwamfuta ce za ta karɓe ka, ta rubuta ƙorafinka, ta zagaya motar tana nuna maka duk wani ƙwarzane don kada ka dawo ka ce su ne. Daga nan a wuce da motar ciki, kai kuma a zaunar da kai a ɗaki mai sanyi da talabijin. Wanda zai taɓa motarka ba za ka gan shi ba, balle ka gaya masa cewa ƙarar nan sai da safe take yi, kuma sai an juya hagu. Abin da ka faɗa wa yarinyar shi za ta taƙaita a layi ɗaya, layin nan shi zai isa gare shi. Mu da muka saba tsugunawa gefen makanike muna miƙa masa sifana, wannan zaman yana da ciwo. Kuɗin dubawa kawai, kafin a kwance ƙusa ɗaya, ya fi abin da Baba ke karɓa a sabis sukutum. Garantin da motar ta zo da shi kuwa, na shekara 8 a kan kayan lantarkinta, na Amurka ne, kuma ya ƙare tun tana can.

Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na sha shayinsu, bari in faɗi alherinsu. Lokacin da rubutun gargaɗi ya fito mini a gaban sitiyari, cikin wani hunturu, motar ta rage ƙarfi, injin ya daina hutawa a gosulo, su ne suka gaya mini ainihin abin da ke faruwa. Suka jona kwamfutarsu, suka buga mini takarda. Batirin nan ashe ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan batura 30 ne aka jera, kuma takardar ta nuna ƙarfin kowane rukuni. Ɗaya ya yi ƙasa da 'yan uwansa. Suka kuma nuna mini hoton fankokin da ke sanyaya batirin, waɗanda ke shaƙar iska ta ƙofofin da ke ƙasan kujerar baya: ƙura da zare da gashi sun toshe su kamar tsohuwar fankar shago. Shekara goma motar ta yi tana shaƙa, ga harmatan ɗinmu ya ƙara mata. Zafi shi ne ajalin batirin nan. Duk mai irin motar da ke karanta wannan, ya je ya duba ko buhu ko dardumar salla ba ta rufe ƙofofin nan ba.

Sai aka zo maganar magani. Su ba sa gyara, sauyawa suke yi. Sabon batir gaba ɗaya, za a yi odarsa daga waje, a jira makonni, farashin kuma na bin dala, takardar kuɗin ma kwana kaɗan take aiki. Da na ga adadin sai da na cire tabarau na goge. Ya kusa rabin abin da na sayi motar. Na tambayi yarinyar ko ba za a canza rukunin da ya lalace kawai ba. Ta ce ba ya cikin tsarinsu. Ban ji haushinta ba, kamfani ba zai sa hannu a aikin da ba zai iya tsaya masa ba, kuma na san dalilin: idan ka sa sabo ɗaya cikin tsofaffi 29, gobe wani tsohon ne zai faɗi.

Na biya kuɗin dubawa da wankin fanka, na karɓi takardata. Baba ne da kansa ya raka ni wajen Ladipo, wurin wani matashi ɗan ƙabilar Ibo da ba ya taɓa komai sai haibirid. Shagonsa bai fi ɗakin kwana ba, amma ga safar roba a rataye, ga mita, ga kwamfuta irin ta kamfanin. Ya karanta takardar ya ce sun yi daidai. Ya ba ni zaɓi: ya canza rukuni ɗaya da araha, in dawo bayan wata shida ko shekara, ko ya nemo mini batir sukutum daga motar da ta yi haɗari a waje tana da ƙarancin tafiya. Na ɗauki na biyu, da sharaɗin a gwada shi a gabana. Muka hau titi da kwamfutar a cinyarsa, yana kallon lambobin suna hawa suna sauka tare. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin uku na wancan ba. Shekara biyu ke nan, alhamdu lillahi.

Yanzu motar masu gida uku gare ta. Taya, shokozoba, baƙin mai da duk abin da rami ke karyawa, na Baba ne, sai dai ni ke sayen man da hannuna, 0W-20, don ba ta son mai kauri. Batir da inbata da esi, na yaron Ladipo. Kamfani kuma sau ɗaya a shekara, in je in sha shayi in karɓo takarda, domin takardar nan ita ke hana kowa yi mini kame-kame, kuma ranar da zan sayar da motar ita za ta yi mini ciniki. Birki ma wurinsu nake kai shi idan za a canza mansa, don sai da kwamfuta ake fitar masa da iska. Takalman birkin kuwa sun daɗe ƙwarai, tunda lantarki ke yin rabin aikin. Abu biyu ba na wasa da su: ruwan sama idan ya kai rabin taya, ina juyawa ko da an yi mini dariya, kuma idan ta tsaya a hanya ba a ja mini ita da igiya ko janwe, sai motar da za ta ɗauke ta ɗungurungum.

Abin da ya tsaya mini a rai a duk yawon nan, ban haɗu da Bahaushe ko ɗaya mai wannan aikin ba. Muna da masu faci, masu rewaya, masu fenti, direbobi kuwa ba a magana. Tun da aka hana acaba a manyan sassan Legas a 2022, ga yaranmu nan zaune a bakin tasha. Motocin nan kuma kullum ƙaruwa suke, Camry da Corolla da Highlander duk ana shigo da masu batir, masu gyaransu a garin nan ba su da yawa, shi ya sa yaron Ladipo ke sa mutum layi.

A garejin Baba akwai wani yaro ɗan unguwarmu, ya gama sakandare, hannunsa na da kyau a waya. Na yi magana da mahaifinsa, na yi da Baba, wanda ya ce, "Ka kai shi, Alhaji, ni na tsufa da koyon kwamfuta, amma garejin nan zai buƙace shi." Ogan Ladipo ya yarda da shekara biyu, muka raba kuɗin koyon tsakanina da uban. Ya fara bayan ƙaramar salla. Har yanzu aikinsa wanke fanka ne da rubuta lambobin mita a littafi, ogan ya ce ba zai taɓa wayar ruwan lemo ba sai ya shekara.