Na'ura ta iya amsa, saura a koya wa yaro tambaya

Tun ranar 30 ga watan Nuwamba na 2022, da kamfanin OpenAI na ƙasar Amurka ya sakar wa jama'a ChatGPT, wata tsohuwar yarjejeniya da ke tsakanin mushe da ɗan lakwal ta fara warwarewa. Yarjejeniyar kuwa sananniya ce: malami ya ba da aikin gida, yaro ya je ya yi gumi a kansa, maki kuma ya nuna gwargwadon abin da ya zauna a ƙwaƙwalwarsa. A yau ɗan lise na Yamai ko na Maraɗi da ke riƙe da wayar salula da ƴan kuɗin intanet yana iya rubuta mata taken aikin falsafa, kafin shayi ya tafasa ta ba shi shafi biyu na Faransanci tsaf, da gabatarwa da kammalawa, ba tuntuɓe ko ɗaya.

Wanda ya fara ganin wannan sauyi shi ne malamin da ke zaune da dare gaban tulin takardun aji cike maƙil. Yaron da ya sani sarai ba ya iya haɗa jimla uku a gaban allo, ga takardarsa ta fito kamar wani shehun malami ya rubuta. In ya ba shi maki mai kyau ya yaudari iyayensa, in ya hana shi kuwa ba shi da shaidar da zai kafa. Uba, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, zai ga 16 bisa 20 a takardar sakamako ya yi hamdala, ya ci gaba da biyan kuɗin makaranta da na littattafai. Sai ranar BEPC ko bakaloreya, inda ba a shiga da waya, asiri ya tonu, alhali shekara ta riga ta tafi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma a wannan karon ɗan da aka haifa ne ke faɗawa cikinsa.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira kafin ya tsorata da ita ko ya miƙa mata wuya. An ɗura wa na'ura rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ta saba bin wace, shi ya sa take jera magana mai daɗin ji. Ba ta da ma'aunin da ke rarrabe mata gaskiya da ƙarya kamar yadda shaida ke yi a gaban alƙali. Inda ta rasa sani takan ƙaga suna ko shekara, ta faɗa da cikakken ƙarfin hali. Kuma da yake abin da aka rubuta da Hausa ko game da ƙauyukan ƙasar nan kaɗan ne in an gwada da na Faransanci da Ingilishi, nan ne ƙafarta ta fi zamewa. Wanda ya ce mata "dala ashirin", tana iya ɗauka kuɗin Amurka yake nufi, alhali ko yarinya mai tallar ƙosai ta san faran 100 ake magana.

Manyan ƙasashe sun gwada hani, sun gwada runguma. A watan Janairu na 2023 hukumar makarantun gwamnati ta birnin New York ta toshe ChatGPT daga na'urorinta, a watan Mayu na shekarar ta janye hanin. A Satumban 2023 hukumar UNESCO ta fitar da jagora inda ta ba da shawarar kada a sa yaron da bai kai shekara 13 ba amfani da irin wannan na'ura a aji. Koriya ta Kudu ta shigar da littattafan karatu masu aiki da ƙirƙirarriyar basira a watan Maris na 2025, a watan Agusta majalisar dokokinta ta sauke su daga matsayin littafin karatu na hukuma zuwa abin taimako, bayan ƙorafin malamai da iyaye. Darasin a fili yake: ƙofa ba ta tsare abin da ke cikin aljihun yaro, kuma sayen kaya da yawa ba ya zama ilimi.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1964, da taimakon Faransa, aka fara koyarwa ta talabijin a wasu azuzuwan firamare na Yamai, daga baya aka faɗaɗa zuwa makarantun kewaye. Ana shirya darasi a ɗakin watsawa da hotuna da wasanni, yara na kallo a akwati, wani mai kula da aji yana bi da su. Masana daga ƙasashe da dama sun zo kallon abin, amma bai taɓa game ƙasa ba, ya kuma tsaya a ƙarshen shekarun 1970. Kodebuwa ta yi irinsa daga 1971, ta rufe a farkon shekarun 1980. Akwati yana son wuta da gyara da kuɗi, kuma ba ya ganin fuskar yaron da bai gane ba.

Wani gwaji na kusa ya nuna inda amfanin yake. A 2024, a jahar Edo ta Najeriya, da tallafin Bankin Duniya, an tara ɗaliban sakandare bayan tashi daga aji har tsawon mako 6 suna koyon Ingilishi da Microsoft Copilot. Biyu-biyu suke zama gaban kwamfuta, malami ne ke tsara tambayar farko, yana zagayawa, yana jan hankalinsu ga kuskuren na'ura. Da aka yi jarrabawa sun zarce ƴan uwansu da ba su shiga shirin ba. Abin lura shi ne ba a bar yaro shi kaɗai da na'urar ba ko sau ɗaya.

To, mece ce dabarar da ta rage wa malamin koleji ko lise? Ta farko ita ce ya ba da aikin da amsarsa ke cikin gari, wadda sai an taka ƙafa ake samu. Malamin lissafi ya tura yara kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi su rubuta farashin tiyar hatsi mako huɗu a jere, su zana hawa da saukarsa, su fitar da kashi nawa cikin ɗari ya ƙaru. Malamin tarihi ya sa kowa ya zauna gaban kakarsa ya ji yadda gidansu ya ratsa farin 1984, me aka sayar, wa ya tafi cin rani, sannan ya rubuta da hannunsa. Na'ura ba ta taɓa zama gaban wannan tsohuwa ba.

Dabara ta biyu ita ce a kawo na'urar gaban shari'a. Malami ya tambaye ta labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da yaƙinta da rundunar Vule da Shanuwan a 1899, ko dalilin da ya sa aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, ya kwafe amsar a allo, ya raba aji gida-gida, kowane gida ya auna ta da littafin karatu: ina ta yi daidai, ina ta ƙaga, me ta tsallake? Yaron da ya taɓa kama na'ura da ƙarya ba zai sake haɗiye maganarta ba tauna ba, kuma wannan hali zai bi shi har ga jita-jitar WhatsApp da alkawarin ɗan siyasa.

Ta uku tsohuwa ce, makarantar allo ma ta san ta: a tashi a biya. Duk wanda ya kawo aikin gida ya tsaya minti uku ya kare shi da bakinsa, ƴan aji su yi masa tambaya. Wanda ya rubuta da kansa zai yi tuntuɓe ya miƙe, wanda aka rubuta wa zai tsaya cik. Aji mai yawa ba ya barin a ji kowa a rana ɗaya, amma in ƙuri'a ce ke fitar da mutum biyar kowane mako, kowa zai kwana da shiri.

Waɗannan dabaru suna da wata fa'ida ga ƙasar da waɗanda ke samun wutar lantarki ba su kai rubu'in jama'arta ba. Ba sa bukatar kwamfuta ga kowane yaro. Wayar malami guda da alli sun isa. Ta haka ɗan ƙauyen da ke karatu a kolejin karkara ba zai zama ɗan kallo ba don ubansa bai saya masa waya ba. Abin da suke bukata shi ne malamin da aka horar, aka biya shi albashinsa kan lokaci, aka kuma sakar masa mara ya fita daga karanta wa yara darasi suna kwafa. Wannan nauyi yana wuyan hukumomin ilimi da masu duba makarantu.

Iyaye ma suna da nasu kaso. Ɗan kasuwa ya san na'urar lissafi ba ta tsirar da wanda bai iya ƙidaya ba, domin yaron shago zai danna abin da ya ga dama ya nuna masa. Haka nan ma'aikacin ofis ya san wanda ke sa hannu a takardar da bai karanta ba, wata rana zai sa hannu a kan abin da zai kai shi gaban alƙali. Saboda haka uban da ya ga maki mai kyau, ya ajiye takardar gefe ya ce: "Zo, ɗana, faɗa mini da Hausa abin da ka rubuta nan." In yaron ya iya, kuɗin makaranta ba su faɗi banza ba. In ya kasa, gara a sani a watan Disamba, tun da sauran lokacin gyara, da a sani a ranar da ake kiran sunayen waɗanda suka ci jarrabawa. Allah ya ba malamai haƙuri, ya ba yara basira tasu ta kansu.